Tukunya Mai Yoyo

Abu ɗaya ne Baban Famfo ba ya iya gani ya wuce, shi ne yoyo. Ko baƙunta ya je gidan mutane, muddin kunnensa ya jiyo ɗis-ɗis daga banɗaki, to hira ta ƙare ke nan, sai ya miƙe ya nemi a ara masa sifana. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana bin bututu a cikin bango da ƙarƙashin ƙasa, har sunansa na gaskiya ya ɓace a unguwa. Matarsa takan ce da za a samo masa doguwar tsani, da tuni ya hau ya liƙe sama, kowa ya huta da damina.

Ita kuwa matar, wadda kowa ke kira Mama har shi kansa, shuke-shuke ne abin sonta. A saman wani tsohon bene suke zaune, ɗaki biyu da kicin da 'yar baranda, kuma babu tagar da ba ta jera wa tukwane ba. Amma 'yar gatan cikinsu tana tagar kicin, wata shuka mai faffaɗan ganye da ake kira okid. A kwandon shara ta tsince ta, a otal ɗin da ta yi aikin guga, bayan an gama ado da ita an yar. Ganye biyu gare ta a lokacin, duk sun yamushe. Baban Famfo ya duba ya ce, "Mutane na fitar da shara, ke kina shigo mana da ita." Ta yi ta lallaɓa abarta shekara da shekaru, har wata safiya ya shigo kicin ya tarar da fure fari tas mai ɗigon ja a tsakiya. Ya yi kamar bai gani ba, amma ya daɗe a tsaye da kofin shayi a hannu.

Ranar da ciwon ya same ta, sauya wa shuke-shuken tukwane take yi. Ta shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasan kicin, ta kwance buhun ɓawon itace da ta sayo, wanda aka sassara ƙanana-ƙanana. Sauran shuke-shuken ta gauraya musu ɓawon da ƙasa, ita kuwa okid ɗin ɓawo zalla ta zuba mata, a cikin sabuwar tukunyar roba da ake hango cikinta. Ta gama tsaf, ta sunkuya za ta naɗe jaridun, sai ta kife a wurin. Likita ya ce hawan jini ne. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshenta kuma ya yi nauyi.

Ta ɗauki kwanaki ba ta ce uffan ba. Da bakin ya buɗe, kalma ɗaya ce ta fito.

"Ruwa."

Auta, ƙaramar 'yarsu, ta zabura ta kawo kofi. Mama ta kau da kai. Ta nemi idon mijinta, ta tattaro duk ƙarfinta.

"Ruwa... fure."

A ɗakin shi kaɗai ya gane, domin shi ya san okid ɗin ta fitar da dogon kara mai ɗauke da 'yan ƙullutai, saura kaɗan su buɗe. Ya matso ya riƙe hannunta mai lafiyar.

"Na ji, Mama. Za ki dawo ki same ta da rai. Har furen ma sai kin gani da idonki."

Shi dai Baban Famfo bai iya daɗin baki ba, kuma a tsawon zamansu alkawuran da ya yi mata ba su da yawa. Shi ya sa wannan ya zauna masa a ƙirji daram.

Da aka sallame ta, gidan Auta aka wuce da ita, domin can babu hawa. Likitan gashin ƙashi, mai koya mata motsa jiki, ya ce ranar da ƙafarta ta iya hawa bene, ranar za ta koma ɗakinta. Baban Famfo ya dawo gida shi kaɗai, ya cika jag da ruwa, ya tsaya gaban tagar kicin kamar wanda zai fara aikin kwangila.

Yana zubawa sai ya ji shaa. Ruwan bai ko tsaya gaisawa da ɓawon ba, ya zarce ta ƙasa, ya malale a dakalin taga, ya bi bango. Ya ƙara, aka sake maimaitawa. Ya ɗaga tukunyar ya leƙa gindinta, sai ga huji reras, har gefenta ma an tsattsage shi.

"Wane marar tsoron Allah ne ya sayar wa Mama wannan?" ya ce shi kaɗai.

A saninsa, abin da ba ya riƙe ruwa ba ya shayar da kowa. Tanki ne ko bokiti ko baho, in ya huje ya tashi daga aiki. Ya jawo akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado, ya fito da gam mai kyau, irin wanda yake ɓoyewa don manyan ayyuka. Ya bi hujin nan ɗaya bayan ɗaya ya liƙe, ya shafe da ɗan yatsa har ya yi sumul. Da ya bushe ya gwada shi yadda ake gwada tanki: ya cika tukunyar, ya sa busasshiyar takarda a ƙarƙashi, ya zauna yana jira. Takarda ta fito a bushe. Daga nan ya bi sauran tukwanen gidan, domin su ma ashe duk cutar ɗaya ce. Ranar ya ci abinci da daɗin rai, karo na farko tun faɗuwar Mama.

Kullum da hantsi yakan hau mota zuwa gidan Auta. Yana zuwa zai karɓe komai. Shi ne riƙe kofi, shi ne riƙe cokali, shi ne gyara filo. In Mama ta miƙa hannun daman nan mai rawa za ta kama kofi, kafin ta kai ya riga ta.

"Baba, likita fa ya ce a riƙa barin ta tana gwadawa," in ji Auta.

"Ta gwada ta jiƙa rigarta? Ina zaune?"

"Ai ruwa ne kawai, Baba. Zai bushe."

"Ke dai je ki duba girkinki."

Mama takan bi shi da wani irin kallo, wanda ya ɗauka na godiya ne. Wata rana ta ce, "Fure?"

"Lafiyarta lau. Safe da yamma take sha. Tukunyar da aka cuce ki da ita ma na gyara, yanzu ko ɗigo ba ya fita."

Idon Mama ya fito. Bakinta ya yi ta motsi, kalmar ta ƙi zuwa. "A... a..." Ta bugi katifa da hannun hagu, hawaye suka taru mata. Hankalinsa ya tashi, ya shiga lallashi. A hanyar komawa gida ya yi ta juya abin, ya yanke cewa tana ganin sau biyu ya yi kaɗan. Sai ya ƙara da na rana.

Ba a jima ba ganyen okid ɗin ya fara laushi, ya yi tamoji-tamoji, ya langaɓe a bakin tukunya. Duk wanda ya gani zai ce ƙishi ne, shi ma haka ya ce, ya ƙara ruwa. Sai ƙullutan suka soma yin rawaya. Da safe ya tarar da ɗaya a dakalin taga, washegari wani. Ya tsince su ya riƙe a tafin hannu, bai san inda zai ajiye su ba.

Hancinsa ne ya fara gane gaskiya. Ya sunkuya zai zuba ruwa, wani wari ya buge shi, warin da ya sani fiye da warin komai a duniya. Warin kwatar da ta toshe ne. Ya tsaya da jag a hannu. Shi da ake kira daga nesa ya zo ya buɗe kwata, yau ga shi ya gina ta da hannunsa a tagar matarsa.

Bai tsaya jimami ba. Ya sa tukunyar a bokiti, ya rufe da tawul, ya nufi gindin gada inda masu sayar da shuke-shuke suke, domin ya sha jin Mama na cewa can take sayayya. Ya yi tambaya aka nuna masa wata mata kakkaura mai takalmin roba, tana ba jerin tukwane ruwa da tiyo. Tana ɗaga tawul ɗin ta ce, "A'a, wannan ai ta Mama ce. Ya jikin nata?"

"Da sauƙi. Wannan ce ba sauƙi."

Mai furannin ta ɗaga tukunyar, ruwa ya yi ƙululu a ciki. Ta karkata ta, ta duba gindin, ta shafa gam ɗin da babban yatsa. Ta ciji leɓe.

"Baba, wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne. Yoyo take yi."

"Aiki kam ya yi kyau, ba ƙarya." Ta juya baya ta yi tari, kafaɗunta na rawa. Da ta juyo ta ga fuskarsa, sai dariyar ta tsaya mata. Ta jawo masa benci.

Ta zazzage tukunyar a kan tebur. Ɓawon ya yi baƙi, saiwoyin sun zama ruwan ƙasa. Ta matsa ɗaya, ya fashe a hannunta, fatar ta zame ta bar wani siririn zare.

"Ka ga, Baba, ita wannan asalinta ba a ƙasa take fitowa ba. A jikin bishiya take maƙalewa, saiwarta a waje tana shan iska. Ruwan sama ya zo ya jiƙa ta ya wuce abinsa. Ɓawon nan wurin kamawa ne kawai. Hujin da ka toshe, ta nan take numfashi."

"To ai ruwan ba ya tsayawa. Ina zubawa yake fita."

"Haka sabon ɓawo yake, sai a hankali yake koyon shan ruwa. In ka ga ya bushe da yawa, ka tsoma tukunyar a baho kamar tsawon shan shayi, ka ɗaga ta tsiyaye sarai. In zubawa ka yi, ka bar shi ya fita. Kada ka bar ruwa ya kwanta a tsakiyar ganyen. Sannan ka daina duba agogo, saiwar za ka duba. In ta yi kore, ta ƙoshi. In ta yi fari-fari kamar toka, to ta nema."

"Amma ganyen ya nuna ƙishi."

"Ƙishin ne. Bakin da za ta sha da shi ne ya ruɓe."

Ta tona ta nuna masa saiwa biyu gajeru da suka rage da tauri. Ta ce ko ta tashi ko kada ta tashi, ita ba za ta yi masa rantsuwa ba. Daga nan ta shiga cikin rumfa ta fito da wata okid ɗin, ganye shar, fure fari mai ɗigon ja ya buɗe reras a kan kara.

"Irinsu ɗaya. Ka kai wannan ka ajiye a tagar, hankalin Mama ya kwanta."

Baban Famfo ya kalli furen nan, ya daɗe yana kallo. Ya hango Mama ta shigo kicin ta gan shi, ya hango fuskarta. Ransa ya so ƙwarai. Sai ya tuna ganye biyun da aka shigo da su daga kwandon shara.

"'Yata, mayar da ita. Ba a kan wannan na yi alkawari ba."

"To sai ka yanke karan furen, Baba. Ƙarfin da ya rage mata bai isa ta riƙe fure ta kuma yi saiwa ba."

"Furen ma na yi alkawarinsa."

"Ɗaya za ka zaɓa."

Ya dawo gida da ƙullin sabon ɓawo da tukunyar a bokiti. Ya shimfiɗa jaridu daidai inda Mama ta shimfiɗa nata. Ya ƙona reza a wuta, ya bi ruɓaɓɓun saiwoyin yana yankewa har inda ya ga tauri, ya barbaɗa garin gawayi a bakin yankan kamar yadda aka ce masa. Da ya zo kan karan, akwai sauran ƙullutai biyu da ba su faɗi ba. Ya ce bismilla ya datse, ya ji zafin har cikin ransa.

Saura tukunyar. Ya sa wuƙa zai kankare gam ɗin, gam ya ce bai san zance ba. Aikin Baban Famfo ne, ba a yi shi don ya ɓamɓaru ba. Dole ya ɗora ƙusa a kan murhu, ya riƙe ta da filaya, in ta yi ja ya soka. Ya huda ƙasa, ya huda gefe, kicin ya cika da ƙaurin roba. Ƙaurin ne ya hawo da telan da ke ƙasan benen, ya leƙo yana toshe hanci.

"Lafiya, Baba? Na ɗauka gobara ce." Ya ga ƙusa, ya ga jerin tukwane suna jiran layi. "Ikon Allah. Yau Baban Famfo ne ke huda abu da kansa? Bari in kira mutane su shaida."

"In ka gama kallo, miƙo min waccan."

Tela ya miƙo. A cikin sauran shuke-shuken, ɗaya ta riga ta tafi, gindinta ya zama kamar dafaffen kabewa. Ragowar da aka huda musu tukwane suka zubar da baƙin ruwa, suka farfaɗo a hankali.

Mai furanni ta ce kada ya ba okid ɗin ruwa sai yankan ya kame, kuma wannan ya fi komai yi masa wuya. Mutum ne da in abu ya lalace yake sa hannu, yanzu kuwa an ce gyaran shi ne ya janye hannun. Yakan tsinci kansa a gaban taga da jag cike, bai san lokacin da ya ɗauko ba. Ƙarshe ya ɗora jag ɗin can saman kabad, inda sai ya taka kujera. Da lokaci ya yi ya tsoma tukunyar a baho, ya haɗa shayi ya shanye, ya ɗaga ta. Ruwa ya yi ta tsiyaya ta hujin da ya yi, ɗis, ɗis, ɗis, kowane ɗigo kamar a kan jijiyarsa. Ya dafe sinki ya jure har ya tsaya don kansa.

A gidan Auta, in Mama ta ce "Fure?" sai ya ce, "Tana nan," ya kau da ido. Kunya yake ji, da tsoro. Ya soma lura da yadda take kallon kofi in yana riƙe mata, ya kuma soma zargin cewa kallon nan ba na godiya ba ne. Sau ɗaya ya gwada bari. Ta miƙa hannu, kofin ya karkata, kafin ruwan ya taɓa zaninta ya cafke. Mama ta rufe ido, ta juya fuska bango. Ya koma gida yana jin haushin kansa.

Makonni suka shuɗe, okid ɗin ba ta mutu ba, ba ta kuma motsa ba. Ganye ɗaya ya yi rawaya ya faɗi. Baban Famfo bai fasa ba. Kowace safiya zai sa tabarau ya ɗaga tukunyar wajen haske, ya duba launin saiwa, ya auna nauyinta a hannu, ya mayar. Wata safiya ya ga wani ɗan abu ya ɓullo daga gindin ganyen, kore shar, mai sheƙi a baki, bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Ya goge tabarau ya sake dubawa. Sabuwar saiwa ce. Ya jawo kujera ya zauna yana kallonta.

Ranar da likitan gashi ya ce Mama ta iya komawa gida, saiwoyin sun yi fari-fari tun da safe. Baban Famfo ya gani, ya sauko da jag ya cika, amma bai zuba ba. Ya ajiye shi kusa da tukunyar ya fita taryen Mama.

Hawan benen ya ɗauki lokaci. Mama ta kama ƙarfen matattakala da hannun hagu, tana jan ƙafar dama, Auta na gefe, tela na ƙasa yana ta sannu. Da suka shiga, Auta ta nufi ɗaki da ita, ta girgiza kai ta nuna kicin da sanda.

Ta tsaya gaban tagar. Babu fure. Ganye biyu ne, da guntun kara da ya bushe, da tukunya mai huji baƙaƙe a karkace. Baban Famfo ya tsaya a bayanta da tsumma a kafaɗa.

"Furen ban cika miki ba, Mama. Ni na yanke shi. Na toshe tukunyar, saiwar ta ruɓe."

Ta kai yatsa ta shafa tsohon gam ɗin da ya ƙi fita. Gefen bakinta mai lafiya ya ɗaga.

"Ka... liƙe."

"Na liƙe."

"Na... faɗa maka."

"Kin faɗa. Ni ne ban ji ba."

Ta sunkuya sosai, har Auta ta tallafe ta. Ta ga sabuwar saiwar, wadda yanzu ta kai tsawon gaɓar yatsa tana neman ɓawon da za ta kama. Ta daɗe a haka, hawaye na bin kuncinta. Sannan ta ɗago.

"Ruwa."

Auta ta kai hannu za ta ɗauki jag ɗin, uban ya riga ta. Ya rage ruwan a sinki, ya kamo hannun Mama na dama, ya naɗe yatsunta a jikin mariƙin ɗaya bayan ɗaya, ya saki.

Jag ɗin ya yi ta rawa. Rabin ruwan ya zuba a dakalin taga, ya jiƙa mata hannun riga. Sauran ya shiga cikin ɓawon, ya ratsa, ya fito ta hujin ƙasa da na gefe, ya gangaro bango, ya soma ɗiga a kan siminti. Saiwoyin suka juya kore a gaban idonsu. Auta ta kalli tsumman da ke kafaɗar mahaifinta, ta kalli fuskarsa.

Baban Famfo ya mayar da hannuwansa baya, ya riƙe ɗaya da ɗaya gam.

"Ƙara mata kaɗan, Mama," ya ce. "Can gefen bai samu ba."